ƊAN FARIN MALAM MAHARAZU

Shafi na 23

Daga Zinatu Halliru, Salford

Sallama gare ku mutanen wannan zaure. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafin nan ba, za ta biyo ni wurin aiki. Ki zo, dama muna neman mai taya mu shift. Masu zagin Hajiya Batulu tun shafi na 20 kuwa, ku karanta tukuna, in kun gama sai ku ci gaba da zagin in bakinku zai iya.

Waɗanda suka shigo mana a tsakiya, ga inda muke. Shekarar 2013 ce. Murja ma'aikaciyar laburare ce a Salford, kuma za a rufe laburaren saboda tsuke bakin aljihun da gwamnati ke yi. Shekara uku tana rubuta labaran bincike, inda ta ɗauki mahaifinta marigayi Malam Maharazu Bichi, ma'aikacin jirgin ruwa da ya sauka Salford a 1946, ta mai da shi gwani mai gano duk abin da ya ɓata. Tana cikin haɗa kwalayen tsofaffin takardu ta ci karo da fayil ɗin wani gidan marayu da ya daɗe da rushewa. A ciki ta ga Babanta ya taɓa auren wata Baturiya, Alice, ta rasu ta bar masa ɗa, aka karɓe ɗan yana shekara uku. Sunansa Tomas, yana raye a Birmingham. Yau Murja da mahaifiyarta Hajiya Batulu sun zo ƙofarsa.

*

Hawa na bakwai ne, lift kuma ya mutu, an manna masa takarda har ta fara yagewa.

"Umma, ki zauna a nan ƙasa, ni in hau in fara yi masa magana."

"Tun daga Manchester na taso don in zauna a gindin bene? Riƙe min jakar nan, Auta."

Murja ta karɓa. Kwana huɗu ke nan ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa su. Ranar da ta ajiye fayil ɗin a gaban Umma, ta zaci za ta ga mamaki, ko musu, ko kuka. Tsohuwar ta dubi takardun kawai ta ce, "Nemo mana ticket." Wato ta sani. Shekara hamsin ta sani, ta bar 'yarta tana ta zuba wa duniya labarin uban da ba ya ɓatar da komai.

Sau tara Hajiya ta tsaya hutawa kafin su kai. Murja ta ƙwanƙwasa.

Sai da aka ɗau lokaci aka buɗe. Dogon mutum ne da ya fara ranƙwafawa, siririyar roba a hancinsa, yana jan ƙaramar tukunyar iska a bayansa. Fatarsa ta fi tasu haske, amma goshin nan, da kunnuwan nan, da wushiryar nan, duk na Baba ne. Saura kaɗan Murja ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba gaida Baba.

Turancin Birmingham yake yi, zan juya muku shi da Hausa in ban da inda ya ƙi juyuwa.

"Ke ce marubuciyar," ya ce. Ya dubi Hajiya sama da ƙasa. "Ku shigo. Ba ni da madara, mai kula da ni minti sha biyar aka yanke mata yanzu, ba ta kai ga kanti."

Falon ƙarami ne, tas da shi. A kan tebur ga labaran Murja da ta fassara ta aiko masa, an jera su an danne da kofi.

"Na karanta duka sha huɗun." Ya zauna da ƙyar, ya jira numfashinsa ya dawo. "Kin iya rubutu. Mutumin nan naki ya gano agogon kyaftin. Ya gano 'yar mai gidan burodi da ta ɓata. Ya gano ɓarawon katin rabon abinci. Akwai inda har kyanwa ya gano."

"Ban sani ba lokacin da nake..."

"Mil tamanin da 'yan kai ne daga Salford zuwa nan. Ni bai gano ni ba."

Murja ta ji kamar ta tattara takardun ta cusa a shara. Ba ta taɓa jin kunyar abin da hannunta ya rubuta ba sai yau.

"Na zo da fayil ɗin," ta ce a hankali, tana buɗe jaka.

"Bar shi. Ina da nawa tun 1994. Na haddace." Ya lumshe ido, ya fara karantowa da ka, muryarsa ba hawa ba sauka. "Nuwamba 1951. An tambayi uban sunan yaron sau uku, bai amsa ba, wani tsoho a ɗakin ne ya yi ta amsawa a madadinsa. An ce ya ɗauki yaron, ya ƙi. Cikin minti arba'in bai dubi yaron ko sau ɗaya ba. Yaron a ɗakin matar mai gidan haya yake kwana, ba a ɗakin uban ba. A ganina uban ba ya son yaron."

Ya buɗe ido.

"Likita ta ce ba lallai in ga ƙarshen shekara ba. Shi ya sa na amsa wasiƙarki. Ba gafara nake nema ba, ba kuma ita zan bayar ba. Ina so wani daga gidan nan ya dube ni ya ce eh, haka ne, bai so ka ba. Sai in huta."

Hajiya Batulu ta gyara zama. Turancinta na kasuwa ne da asibiti, yana kai ta inda za ta, amma yau ba ta yarda da shi ba.

"Auta, ki juya masa. Kada ki rage, kada ki ƙara."

"To, Umma."

"Ki ce masa duk abin da Baturiyar da hukuma ta turo ta rubuta ta gani, gaskiya ne. Ba ta yi ƙarya ba. Fassarar ce ba ta iya ba."

Murja ta juya. Tomas ya ɗaga gira.

"A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa," in ji Hajiya. "Ba uwa ba, ba uba ba. Ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa a gaban manya. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Sau da yawa ma ba iyayen ke riƙonsa ba, kaka ake ba wa. Malam ba shi da uwa a ƙasar nan, ba shi da ya ba shi da ƙanwa. Da Alice ta rasu sai ya kai shi wurin Iya Abiba, matar Malam Osmanu mai gidan, mutanen Kumasi. Wannan shi ne mafi girman gatan da ya san ana yi wa ɗa."

Ta tsaya Murja ta gama, ta ci gaba.

"Ranar da matar ta zo da littafinta, Malam Osmanu na zaune. Shi ya karɓi Malam tun saukarsa daga jirgi, shi ne ubansa a nan. Ga wasu dattawa uku. A gabansu zai buɗe baki ya kira sunan ɗan fari? A gabansu zai sungume shi ya rungume? Shi a tunaninsa tarbiyyarsa aka zo dubawa. Duk tambayar da ta yi sai ya ƙara sunkuyar da kai, don ta ga daga gidan mutunci ya fito. Da ta tafi har Malam Osmanu ya yaba masa."

Murja ta gama juya masa.

"So he was being polite," in ji Tomas.

Ni wallahi wurin nan ne ke ci min rai. Abin da a Bichi za a gani a ce madalla da ɗan wane, shi aka rubuta a takarda aka buga masa hatimi aka raba uba da ɗansa. Babu mugu a ɗakin nan ranar, amma an yi abin da mugu ma sai ya yi shiri kafin ya iya.

"Bayan sati biyu suka zo da mota," Hajiya ta ce. "Yana bakin aiki a docks, tashar jiragen ruwa. Ya je gidan marayun ya fi a ƙirga. Ran nan aka ce masa an mai da kai wani reshe, kuma ba za a faɗa masa ko ina ne ba, saboda abin da ke cikin takardar."

Tomas ya yi wata gajeriyar dariya da ta koma tari. Murja ta miƙe za ta kawo masa ruwa, ya ɗaga mata hannu.

"Labari mai kyau. Kun gaji iya labari a gidanku. To na ji, wannan 1951 ke nan. Sai 1967 fa?"

Murja ta dubi Umma. Babu 1967 a cikin fayil.

"Wace 1967?"

"Ba ta faɗa miki ba?" Ya jingina. "Ina shekara sha tara. Wani ma'aikacin gidan marayun ya tausaya min ya ba ni adireshi. Na tara kuɗin jirgi, na aske kaina, na tafi Salford. Na ƙwanƙwasa. Shi ya buɗe. Ga mutane cike da falo a bayansa, da manyan riguna. Na ce masa ni ne Tomas, ɗan Alice. Ya dube ni sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Sai ya mai da idonsa ƙasa, ya juya ya shige ciki. Ko kalma. Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai talla. Wata yarinya ta kawo min ruwa. Na jira, bai fito ba, na kama hanya." Ya nuna Murja da yatsa. "Wannan ba wata Baturiya ce ta rubuta ba. Da idona na gani."

Murja ta kasa juyawa. Ba sai ta juya ba ma, Hajiya ta ji. Ta ɗago ta dube shi.

"Rigar ruwa ce a jikinka," ta ce da Turanci, a hankali, tana tsintar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Ruwan toka. Hannun ya yi maka gajarta. Ka sha rabin ruwan, ka ajiye kofin a kan taga."

Tomas ya ƙura mata ido.

"Ke ce."

"Ni ce."

"Umma!" Murja ta miƙe tsaye. "Kin gan shi? Ya zo har gida kin gan shi, kuma all these years ba ki taɓa..."

"Zauna, Auta. Ki juya masa, ban gama ba."

Hawaye ya riga ya sauko wa Hajiya, ba ta share ba.

"Ranar Juma'a ce, an sauko daga salla, manya sun biyo mu gida cin abinci. Malam yana ganinka ya gane ka, don fuskar mahaifinsa ce da kai. Ya shigo kicin ya same ni, ya ce, 'Ba shi ruwa, kada ki bari ya tafi.' Ya fita ta ƙofar baya, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Gidan Malam Osmanu ya ruga, layi biyu daga namu. Don a wurinsa ɗan fari ya dawo bayan shekara sha shida, ba shi zai tarbe shi ba. Babba ne zai riƙo hannunsa ya shigo da shi, Iya Abiba ta rungume shi, a yi addu'a. So yake a yi maka tarba irin ta 'ya'yan gata."

Murja ta juya, Hajiya ta ci gaba.

"Ni kuma shekarata huɗu a ƙasar nan, Turancina bai wuce good morning ba. Na ga ka ajiye kofi. Na ga ka juya. Na ce maka tsaya, na ce dakata, da Hausa. Ka ɗaga min hannu ka tafi. Da na bi ka a yadda nake da na cim maka, wallahi da na cim maka. Amma ga maza cike da falo, ni matar aure, kaina ba mayafi. Sai na koma ɗaki neman mayafi."

Ta dubi Tomas.

"Na fito, ka sha kwana."



"Minti nawa?" Tomas ya tambaya. "Bayan na tafi, minti nawa ya yi kafin ya dawo?"

"Ba su kai biyar ba. Shi da Malam Osmanu da Iya Abiba, tana gudu tana riƙe da zani. Ya tafi tasha a haka, ƙafa ba takalmi, cikin sanyin nan. Bai dawo ba sai la'asar sakaliya, ƙafafunsa duk jini. Bai yi min faɗa ba. Har ya koma ga Allah bai taɓa ce min don me ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi."

"Ya san daga Birmingham na zo. Na faɗa a bakin ƙofa."

"Shi ya sa duk ranar hutun bank holiday yake hawo jirgi. Shekara talatin da ɗaya. Ya tsaya a tashar New Street yana duba fuskokin mutane har yamma, ya dawo. Yaran nan sun ɗauka wa'azi yake zuwa ji."

Murja ta toshe bakinta. Ta tuna yadda suke rigimar ya tafi da su, yana cewa ba wurin yara ba ne. Ta tuna alewar da yake kawo musu daga tashar. Uban da ta ba wa basirar gano komai a takarda, ashe bincike ɗaya ya yi a rayuwarsa, kuma bai gama shi ba.

"Me ya sa bai tambaya ba?" in ji Tomas. "Akwai ofisoshi. Akwai littafin waya."

"Gidan marayu sun canza maka sunan mahaifi, bai san wanda suka sa maka ba. In ya tari mutum sai dai ya ce, ko ka ga wani yaro dogo mai kama da ni? Tomas ɗin ma sunan takarda ne, Alice ce ta rubuta a rajista. Sunanka na gaskiya, wanda aka raɗa maka ran bakwai aka yanka rago, bai taɓa shiga takarda ba."

Tomas ya ɗago a hankali.

"Ina da wani suna?"

"Kana da shi. Sunan mahaifinsa ya sa maka. Kunya biyu ke nan ta haɗu masa, ga ɗan fari ga sunan uba."

Ya juyo wurin Murja. "Mene ne sunan kakanki?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Malam Babba. Abin da ta tashi tana ji ke nan a gidansu, Malam Babba ya ce, zamanin Malam Babba, Allah ya jiƙan Malam Babba. A fasfo ɗin Baba sunan garinsu ne a wurin sunan uba. Shekararta arba'in da biyu, ta tono tarihin jiragen ruwa da na mutanen da ba ta haɗa komai da su ba, amma ba ta san sunan kakanta ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Ba a faɗa a gidanmu."

"Malam Osmanu fa? Matarsa?"

"Sun rasu tuntuni."

"To saura wa ya sani?"

Su biyun suka dubi Hajiya Batulu.

Ku da kuka tashi a gida kun san abin da ake nema a wurin matar nan. Sunan surukinta ne, uban mijinta. Tun ranar da aka ɗaura mata aure bai taɓa bi ta bakinta ba. Ko a asibiti ta haɗu da likita mai sunan, Dakta kawai take cewa.

"Faɗa min," in ji Tomas.

Leɓɓanta suka motsa, babu abin da ya fito. Ta dubi sandarta. Kanta ya fara yin ƙasa, a hankali, har haɓarta ta kusa taɓa ƙirji.

"Umma, please," Murja ta ce. "Umma ki faɗa masa mana. Ko ki rubuta, ga biro."

"Ba na son a rubuce," ya ce. "Na gaji da abin da aka rubuta a kaina."

Ya jira. Ta kasa ɗagowa.

Sai ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar masa da abin da dama ya sani. Ya dafa kujera ya miƙe, ya ja tukunyarsa har bakin ƙofa, ya buɗe ta, ya tsaya ya ba su baya.

"Sau uku ke nan ana sunkuyar min da kai," ya ce. "Na gode da kuka hawo benen. Ku sauka a hankali."

"Yaya, don Allah..." Murja ba ta san lokacin da kalmar ta fito ba.

"Ku tafi."

Hajiya Batulu ta dogara sandarta ta tashi. Murja ta zaci fita za ta yi. Ta tako har tsakiyar falon ta tsaya, ta share fuskarta da gefen mayafi. Ta dubi bayan mutumin nan mai shekara sittin da biyar, ta ja numfashi. Ba faɗa ta yi ba, kira ta yi, da ƙarfi, da jan ƙarshe, yadda matan gida ke ƙwala wa yaro kira in ya yi nisa da ƙofa.

"Abdulsalam!"

Kafaɗunsa suka girgiza. Mutumin da rabonsa da jin sunan nan tun yana shekara uku a bayan Iya Abiba, bai juyo ba, bai yi tunani ba, bakinsa ne kawai ya buɗe.

"Na'am."

Shi kansa ya ji abin da ya ce. Ya kai hannu ya taɓa leɓɓansa, ya waiwayo yana dubansu da idon ƙaramin yaro.

Kafin Murja ta ƙarasa wurinsa, hannunsa ya saɓule daga jikin ƙofar, ya fara sulalewa ƙasa.